Ɗan Aiken da Ba Ya Tambaya

A unguwar Birni ta Damagaram akwai wani malamin Hausa da ya shafe shekaru yana tara kalmomin tsofaffi. Duk ɗalibin da ya zauna gabansa sai ya ɗora masa nauyi guda: idan ya je gida hutu, ya zauna kusa da kakarsa ko kakansa, ya kasa kunne, ya rubuto kalma ko karin magana ko wani salon zance da ba a cika ji a bakin samari ba. Da farko a takarda ake kawowa. Da wayar salula ta wadata, sai saƙonnin suka koma WhatsApp, ajin kuma ya faɗaɗa har ya haɗa da waɗanda ba su taɓa taka Damagaram ba. Wasu suna Maraɗi, wasu suna Tawa da Dogondutsi, ɗaya yana zangon Kumasi, ɗaya kuma a Garwa ta Kamaru.

Albarkar ta zo da wahalarta. Kowane dare bayan sallar isha'i Malam yakan zauna da waya a hannu, kwamfuta a kan cinya, yana kwafe saƙo ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin kundin da ya buɗe a Google Docs. Ya zaɓi wannan wurin ne domin kowane ɗalibi yana iya buɗe takardar daga inda yake, ya karanta, ya yi gyara, sauran kuma su ga gyaran nan take. Amma shigar da saƙonnin aikin hannunsa ne shi kaɗai. Wani saƙon ya zo babu sunan gari, wani babu ma'ana, wani ya nutse tsakanin gaisuwa da hotunan biki. In aka ɗauke wuta aikin ya kwana, in ya kwana biyu ya taru. Har ta kai Malam yakan ji gabansa ya faɗi duk lokacin da wayar ta yi ƙara.

A hutun babbar salla ɗan ƙanwarsa, wanda ke karatun kwamfuta a Yamai, ya zo gida. Ya yi dare biyu yana kallon kawun nasa yana fama, a na uku ya kasa haƙuri.

"Kawu, wannan ai aikin ɗan aike ne. Me zai sa malami ya kwana a kansa?"

"To ina ɗan aiken, ɗana? Ka san wanda zai yi mini kyauta?"

Yaron ya jawo kujera ya yi masa bayani. Ya ce abin da ake kira gajimare a harkar intanet manyan kwamfutoci ne da ke jibge a gine-ginen wasu ƙasashe, inda takardar Malam take kwance ko da kwamfutarsa tana kashe. Kowace manhaja da ke zaune a can tana da ƙofa biyu. Ɗaya ta mutane ce, wadda suke gani a fuskar waya. Ɗaya kuma, wadda ake kira API, ta ƴan'uwanta manhajoji ce, ta nan suke miƙa wa juna saƙo. Akwai dandamali da aka gina musamman don zirga-zirga tsakanin waɗannan ƙofofi, irin su Zapier da Make da IFTTT. Mutum yana gaya wa dandamalin abu biyu ne kawai: abin da zai jira ya faru a gida na farko, da abin da zai aikata a gida na biyu idan ya faru.

Malam ya yi murmushi, domin ya gane abin tun kafin yaron ya gama. "Ai wannan jumlar sharaɗi ce. In kaza ya faru, to a yi kaza."

"Ita ce, Kawu. Sai dai shi wannan ɗan aiken ba ya gajiya, ba ya mantuwa, kuma ba ya tambaya."

Malam ya ji daɗin biyun farko. Bai tsaya a kan na ukun ba.

Suka zaɓi ɗaya daga cikin dandamalin suka soma. Matakin farko shi ne haɗa shi da asusun Malam, kuma a nan ne aikin ya fara tsayawa. Wani shafi ya bayyana yana tambaya ko an yarda wannan baƙo ya ga takardun da ke cikin asusun, ya gyara su, ya ƙirƙiri sababbi, har ma ya goge. Malam ya janye hannunsa daga kwamfutar. A cikin asusun nan akwai wasiƙunsa, da takardun gadon mahaifinsu, da sakamakon jarrabawar ɗalibai.

Yaron ya kwantar masa da hankali da cewa ba kalmar sirrinsa ake miƙawa ba. Tsarin da ake bi, mai suna OAuth 2.0, wanda aka wallafa ƙa'idojinsa a 2012, yana ba baƙon wani ɗan makulli ne na daban, wanda ke buɗe abin da aka lissafa a shafin kawai. Duk ranar da mai gida ya ga dama, yana iya shiga sashen tsaro na asusunsa ya soke makullin, ba tare da ya canza kalmar sirri ba. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ya ji, amma ba a ba mutum makullin turaka don zai ajiye kaya a zaure. Suka buɗe sabon asusu na aji zalla, suka mayar da kundin can, suka ba da izinin daga nan. Yaron da kansa ya yarda cewa dabarar kawun ta fi tasa.

Sauran aikin bai ɗauki fiye da yammaci guda ba. Suka tsara fom mai gurbi biyar: kalma, ma'anarta, jumlar da aka ji ta a ciki, garin da aka ji ta, da dangantakar ɗalibi da wanda ya faɗa. Duk amsar da aka aiko takan sauka a matsayin sabon layi a cikin wani jadawali. Sharaɗin ɗan aiken shi ne bayyanar sabon layi, aikinsa kuma shi ne ya ɗauki abin da ke cikin gurabun biyar ya jera su a ƙarshen kundin, bisa fasalin da Malam ya tsara. Sai da aka nuna masa ɗaya bayan ɗaya wane gurbi ne zai zauna a ina, domin ba ya karanta Hausa, gurbi kawai ya sani. Yakan leƙa jadawalin lokaci zuwa lokaci, a nasu tsarin duk bayan minti 15.

Kalmar gwaji da suka aika ita ce "ƙwarya", don a ga ko ƙugiyar za ta tsira a hanya. Ta iso lafiya. Yaron ya bayyana cewa a tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ƙ tana da lambarta daban da ta k, haka ɓ da ɗ da ƴ. Matuƙar ɗalibi ya buga harafin daidai, haka zai iso. Wanda kuwa ya rubuta "kasa" yana nufin "ƙasa", ko "daki" yana nufin "ɗaki", babu mai gyara masa a hanya. Saboda haka aka umarci kowa ya sa allon rubutun Hausa a wayarsa.

Matsala ta farko da ta bayyana ƙarama ce. Ɗaliban da suka yi karatu da littattafan Nijeriya suna rubuta y mai alhamza a gabanta, na Nijar kuma suna rubuta ƴ mai ƙugiya, kamar yadda ƙa'idar ƙasar ta tanada. Ita ma alhamzar ba iri ɗaya take fitowa ba, wata miƙaƙƙiya, wata ta lanƙwasa dama, wata hagu, ya danganta da wayar da aka buga ta. A ido duk ɗaya ne, amma a wurin kwamfuta haruffa ne mabambanta, kuma hakan na iya sa mai neman kalma a kundin ya samu wasu ya rasa wasu. Yaron ya ƙara wani mataki a tsakiyar hanya: kafin ɗan aiken ya ajiye saƙo, ya mayar da dukkan waɗannan siffofi zuwa ƴ. Abin ya yi kyau ƙwarai. Kundin ya daidaita, nema ya yi sauƙi.

Daɗin wannan nasara ne ya ja Malam zuwa mataki na gaba. Ya daɗe yana ganin ɗaliban Tawa da Dogondutsi suna rubuta "tahi" da "hita", shi kuma a aji yana koyar da "tafi" da "fita". Ya ce tun da ɗan aiken ya iya gyara, ai sai ya gyara wannan ma, ya mayar da kowace "hi" ta zama "fi". Yaron ya rubuta umarnin, suka gwada. Da sakamakon ya fito, sai ga "shi" ta zama "sfi", "shinkafa" ta zama "sfinkafa", "tarihi" ya koma "tarifi". Suka yi dariya har mahaifiyar yaron ta leƙo daga tsakar gida tana tambayar ko lafiya.

Wannan kuskuren bai cutar da kowa ba, domin ko yaro ya gan shi ya san ɓarna ce. Suka share umarnin, suka koma ga hanyar da ta fi natsuwa. Malam ya zauna ya rubuta jerin cikakkun kalmomi, kowace da abokiyar musayarta: "tahi" ta zama "tafi", "hwari" ya zama "fari", "zamna" ta zama "zauna", "amre" ya zama "aure", "sabka" ta zama "sauka", "biyat" ta zama "biyar", "kuɗɗi" ya zama "kuɗi", "ɗiya" ta zama "ƴa". Aka gwada, komai ya fito sumul. Yaron ya koma Yamai, Malam ya koma yin barci da wuri.

Wata huɗu kundin yana ta girma. Duk safiya Malam yakan buɗe ya tarar da sababbin kalmomi a jere, cikin Hausar da babu abin da zai sa wa jan alƙalami. Har ya fara maganar buga shi a takarda a ƙarshen shekara.

Ranar wata Laraba da yamma ɗalibarsa ta Tawa ta kira. Ita ce ta fi kowa aiko da kalmomi, kusan duka daga bakin kakarta ta wajen uwa. Bayan gaisuwa ta shaida masa cewa Allah ya yi wa tsohuwar rasuwa makon da ya wuce. Malam ya yi mata ta'aziyya, ya roƙi Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba su haƙurin rashi. Ta amsa, sannan ta yi shiru na ɗan lokaci.

"Malam, akwai abin da nake son in faɗa, amma ina jin nauyi."

"Faɗi, ƴata. Ina jin ki."

Ta ce bayan an watse daga zaman makoki, ta buɗe kundin a wayarta don ta karanta wa mahaifiyarta maganganun marigayiyar, ko zuciyarta ta yi sanyi. Ta karanta jumla uku ko huɗu, sai mahaifiyar ta ɗaga mata hannu ta ce, "Wagga ba maganat Inna ba ta. Ta rediyo ta." Wato wannan ba maganar Inna ba ce, ta rediyo ce.

Malam bai sami abin cewa ba. Da suka yi sallama ya buɗe kundin ya nemi duk abin da ta aiko. A wuri ɗaya ya ga ɓarnar da ta wuce ta lafazi. A Hausar yamma "ɗiya" tana iya nufin ƴa mace guda, tana kuma iya nufin ƴaƴa, jumla ce ke nuna wadda ake nufi. Tsohuwar ta ce ɗiya sun tahi daji. Ɗan aiken ya ajiye "ƴa sun tafi daji". Wani ɗalibi mai kyakkyawar niyya ya ga jumlar ta karye, ya gyara ta zuwa "ƴa ta tafi daji". Yaran da tsohuwar ke magana a kansu suka koma yarinya guda, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikin waɗanda suka taɓa jumlar.

Ya tuna da jadawalin. Ɗan aiken kwafa yake yi, ba ya ɗauke asali daga inda yake, saboda haka duk abin da ɗalibai suka buga da hannunsu yana nan yadda suka buga shi. Ya buɗe, ya ga "tahi" da "zamna" da "biyat" a layukan farko, ya yi hamdala. Ya ci gaba da gangarawa. Wajen tsakiyar wata na biyu kalmomin suka fara raguwa. A wata na uku da na huɗu babu su sam. Ɗalibar tana rubuta "tafi" da "zauna" tun daga wayarta.

Ya sake kiran ta a daren.

"Malam, na ga duk abin da na aiko ana gyara shi, sai na ɗauka kuskure nake yi. Na ce bari in hutar da ku."

Ya tambayi muryoyin da take ɗauka a waya kafin ta rubuta. Ta ce wayar ta cika, kuma tun da ta ga komai ya shiga kundi, sai ta riƙa gogewa.

A nan ne Malam ya gane girman abin da ya faru. Abin da umarninsa ya canza ana iya maido da shi daga jadawali cikin awa guda. Abin da umarnin ya koya wa ɗalibai kuwa babu jadawalin da ya adana shi. Bai taɓa tsayawa a aji ya ce Adaranci kuskure ne ba, da wani ya faɗa a gabansa ma da ya tsawata masa. Amma kundin ya yi ta faɗar haka kowace safiya ba tare da murya ba, kuma ɗalibai sun ɗauka daga bakin malaminsu ne. Da ya duba na sauran, sai ya ga har ɗalibin Kumasi, wanda jerin kalmomin bai shafi Hausarsa ba, ya daina rubuta "ya" a inda mutanen zango ke faɗin ta ga mace, ya koma "ta" irin ta littafi.

Malam ba ya cikin masu raina daidaitacciyar Hausa, da ita yake cin abinci. Ya san an gina ta a kan karin harshen Kano, ya san taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, ya san Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutunta a 1999. In babu wannan daidaito, littafin da aka buga a Zariya zai yi wa yaron Maraɗi wuyar karatu, jarrabawa kuma ba za ta yi adalci ba. Sai dai kundinsa an buɗe shi ne don adana abin da daidaito ya bari a waje. Ya jawo ƙamusun Bargery na 1934 daga kan kanta ya buɗe, ya ga yadda mai ƙamusun ya riƙa sa alamar yanki a gefen kalmomi da yawa, wannan ta Katsina, wannan ta Sakkwato. Abin da aka kiyaye da alƙalami tun wancan zamani, shi ya share da umarni guda.

Ya kuma ga inda ya zame. Umarnin farko ƙa'idar rubutu ya taɓa: ko an sa alhamza ko an sa ƙugiya, sautin da ke fita daga baki ɗaya ne. Umarni na biyu karin harshe ya taɓa, ya sa wa tsohuwar Adar kalmar da ba ta furta ba. A fuskar dandamalin duka biyun iri ɗaya ne, a nemi wannan a sa wancan. Mai ilimin harshe ne kaɗai zai iya raba su, kuma shi ne ya haɗa su.

Washegari ya kira ɗan ƙanwarsa. Yaron ya fara ba da haƙuri, Malam ya katse shi ya ce laifin ba nasa ba ne, ba kuma na ɗan aiken ba, wanda aka aika ya kai abin da aka ba shi. Ta waya suka dakatar da haɗin, suka cire jerin kalmomin, suka bar umarnin ƴ kaɗai. Suka buɗe sabon kundi, suka sa ɗan aiken ya sake bin jadawalin tun daga layin farko. Tsohon kundin ba su goge shi ba, domin a tarihin gyare-gyarensa ana ganin wanda ya canza me da kuma yaushe, da haka aka gano jumlolin da gyara ya hau kan gyara.

A sabon fasalin kowace shigarwa tana da layi biyu. Na sama shi ne yadda aka ji, kuma dokar aji ce kada kowa ya taɓa shi. Na ƙasa shi ne daidaitacciyar Hausa, ɗan aiken yakan bar shi fili. Ɗalibi ne zai cike shi da hannu ta hanyar ba da shawara, wanda ya aiko da kalmar kuma shi zai karɓa ko ya ƙi. A saman fom ɗin Malam ya rubuta: "Rubuta yadda kunnenka ya ji, ko da ya saɓa wa littafi. Kada ka goge muryar da ka ɗauka. Ka nemi yardar mai maganar kafin ka aiko." Ya kuma ɗaukar wa kansa cewa duk ranar Juma'a zai zaɓi layi goma daga jadawali ya gwada su da abin da ke cikin kundi.

Sannan ya aika wa ajin duka saƙon murya. Ya gaya musu abin da ya yi, ya ce kuskurensa ne, ya roƙi duk wanda ya san ya gyara maganar tsoho kafin ya aiko da ya koma ya sake tambaya. Yawancinsu sun iya. Ɗalibar Tawa ta zauna da mahaifiyarta suka bi jumlolin wata biyun ƙarshe, suna maido da abin da suka tuna. Malam ya sa aka yi wa kowace ɗaya alamar tauraro, da bayani a ƙasa cewa an rubuta ta ne daga tuni bayan rasuwar mai maganar. Ɗalibar ta so a cire alamar, ta ce sun tabbata. Ya ce ya yarda da su, amma wanda zai karanta bayan shekara hamsin yana da haƙƙin ya san wadda aka ji da wadda aka tuna.

Bayan arba'in ta tafi wani ƙauye kusa da Keita, inda ƙanwar marigayiyar take aure. Ta kwana uku a can. A dare na biyu, Malam yana zaune a zaure da kwamfuta a buɗe, sabuwar shigarwa ta sauka a ƙarshen kundin. Jumlar tsohuwa ce tana ce wa baƙuwarta ta zamna ta sha hura kafin ta fara tambayoyinta. Ya karanta ta sau biyu, ya karanta a bayyane a karo na uku. Layin ƙasa yana nan fili. Ya bar shi haka ya rufe kwamfutar, domin da safe akwai aji, kuma yana so ya ji wanda zai fara cike shi.